ISKAR DA KE MATSE ZUCIYAR JARIRI

 Mas'alar da na ɗauko muku a wannan fitowa ta taso ne daga kalma ɗaya tak, wato iska. Bahaushe yana da iska iri biyu. Akwai wadda muke shaƙa, mai kaɗa ganye. Akwai kuma wadda in an ambace ta sai a nemi tsari, wato iskoki, mutanen ɓoye. Rashin rarrabe waɗannan biyu a bakin gadon jariri yana iya jawo asarar rai, kuma na ga haka ta kusa faruwa.

A watannin baya matar wani maƙwabcinmu, manomin shinkafa, ta haihu cikin wata na bakwai. Yaron ya zo ɗan mitsitsi yana ta nishi. Aka wuce da shi wani babban asibiti a birni, aka sa shi a kwalba, aka haɗa masa injin numfashi. A dare na biyu uban ya kira ni a waya, muryarsa na rawa. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, likita ya ce iska ta kewaye zucciyar yaro, wai in sa hannu maza su soka mai allura ga ƙirji. Inna ta ce a'a, tunda iska ce a maido shi gida a yi mai tofi da turare. Mi kag gani?" Na ce ya miƙa wa likitan wayar. Bayanin da ya yi mini bai kai minti ɗaya ba, don ya ce babu lokaci. Na ce wa uban, "Sa hannu yanzu-yanzu. Addu'a ni zan yi ta daga nan."

Aka zuƙe iskar, yaro ya farfaɗo, launinsa ya dawo, har uwar ta samu ta riƙe ɗan yatsansa. Bayan kwana uku Allah Ya karɓi abinSa, domin huhunsa bai ƙosa ba. Tun daga zaman makoki zance ya bazu cikin gidaje, wai allurar likita ce ta kashe shi, wai an kai wa likita ciwon da ba nasa ba. Har wata ɗalibata ta ce mini ita in ta haifi bakwaini ba inda za ta kai shi. Wannan magana ce ta tsorata ni. Shi ya sa na zauna da ma'aikatan lafiya, na yi tambayoyi, na karanta abin da ya sawwaƙa, ga shi kuma na kawo maka.

JAKAR ZUCIYA

In ka taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya, ka tuna lokacin da mahauci ya ciro zuciya. Ba tsirara take ba, tana cikin wata 'yar jaka ta tantani mai sheƙi, sai ya tsaga kafin zuciyar ta fito. To, ɗan Adam ma haka yake. Likitocin Larabawa suna kiran wannan jaka tamur. Tsakaninta da zuciya akwai ɗan ruwa kaɗan mai santsi, domin zuciya ta riƙa motsi ba tare da gogayya ba. Ba yau aka san ta ba. Ibn Zuhr, likitan Ishbiliya ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 1162, ya yi bayanin kumburin wannan jaka a littafinsa Attaisir.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, jakar nan ba ta miƙewa da sauri kamar roba. Tana da tauri. Duk abin da ya shiga cikinta farat ɗaya, ruwa ne ko jini ko iska, to wurin zuciya zai ci. Shigar iska cikinta shi likitoci suke kira nimoferikadiyom, ma'ana iska a cikin jakar zuciya.

HUHUN JARIRI

Iska ba ta da ƙofa zuwa wannan jaka. To ta ina take bi? Amsa tana cikin huhu.

Huhu kamar itace yake wanda aka kifa. Maƙogwaro shi ne gindi, ya rabu rassa, rassa suka rabu ƙanana, a ƙarshen kowane akwai 'yan buhunan iska miliyoyi, waɗanda ido ba ya gani. A nan jini yake karɓar iskar oksijin. Ibn Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya rubuta cewa jini yana fita daga gefen dama na zuciya ya bi ta huhu kafin ya komo gefen hagu. Ka ga ke nan huhu da zuciya a ɗaure suke da jijiyoyin jini.

Yanzu dubi ƙanƙantar abin. Kai babba, numfashinka ɗaya na zaune ya kai wajen mililita 500, wato cikin ledar fiya wata guda. Jaririn da ya cika wata tara, mai kilo 3, numfashinsa ɗaya bai wuce mililita 15 zuwa 20 ba, kamar cikin babban cokali. Bakwaini mai kilo ɗaya, nasa cikin ƙaramin cokalin shayi ne. Jinin jikin jariri duka kuwa wajen rabin ledar nan ta ruwa ne. Zuciyarsa ba ta fi dunƙulen hannunsa ba, tana bugawa sau 120 zuwa 160 a minti.

Sannan akwai wani maiƙo da huhu yake yi wa kansa, ana ce masa safaktan. Aikinsa shi ne hana 'yan buhunan nan mannewa bayan an fitar da numfashi. Ka gwada hura jiƙaƙƙiyar leda wadda ta manne, za ka ji wuyar buɗe ta. Huhun ɗan tayi ba ya tara isasshen maiƙon nan sai ciki ya kai wajen mako 34 zuwa 36. Saboda haka wanda aka haifa a wata na bakwai yakan zo da huhu mai tauri. Wasu buhunan sun manne, wasu kuma su ke ɗaukar iskar duka har su kumbura fiye da ƙima. A 1959 ne likitoci biyu a Amurka, Mary Ellen Avery da Jere Mead, suka gano cewa rashin wannan maiƙo shi ke kashe bakwaini. Kada ka ɗauka ciwon talaka ne kawai. A watan Agusta na 1963 ɗan shugaban Amurka John Kennedy, wanda aka haifa saura mako biyar da 'yan kwanaki, ya rasu da wannan ciwo bayan kwana biyu, alhali manyan likitocin ƙasar suna kansa.

HANYAR DA ISKA KE BI

Mu koma wurin mahauci. Ka ga yadda yake ɗan tsaga ƙafar rago ya sa baki ya hura, iska ta riƙa ratsawa tsakanin fata da nama har ta kai wuya? Ba wata hanya da aka shirya mata, ƙarfin huri ne ya buɗa mata. Haka abin yake a ƙirjin jariri. In buhun iska ya kumbura ya fashe, iskar da ta tsere sai ta bi gefen jijiyoyin jini tana ratsawa, har ta kai tushen huhu a tsakiyar ƙirji. Wani masani a Kanada, Charles Macklin, shi ya nuna wannan hanya a 1939 da gwajin da ya yi a kan kyanwoyi.

Daga nan iskar tana da mafita uku. Ko ta tsaya a tsakiyar ƙirji, wannan sau da yawa yakan baje da kansa. Ko ta fasa zuwa tsakanin huhu da haƙarƙari ta danne huhun, wannan shi ya fi yawa. Ko kuma ta bi jijiyoyin da ke komawa zuciya, ta kutsa ta inda jakar take manne da su, ta shige ciki. Wannan na uku shi ya fi ƙaranci, shi kuma ya fi haɗari.

Don me ya fi haɗari? Ka dubi zuga-zugin maƙeri. Sai ya buɗe ya cika, sannan a matsa ya fitar. In wani ya zauna a kansa, kome ƙarfin hannun mai zuga ba abin da zai fito. Zuciya ma sai ta saki jiki ta cika da jini kafin ta tura. In iska ta cika jakar ta matse ta ta kowane gefe, ba ta samun wurin buɗewa. Jini ya daina komowa, ya daina fita. Cikin 'yan mintoci jariri ya yi fari ko shuɗi, jikinsa ya saki, bugun zuciya ya ragu, likita ya sa abin saurare ya ji ta can nesa kamar ganga a bayan gari. Iskar da ba ta wuce cikin sirinji ba ta isa ta yi wannan ɓarna.

SU WA ABIN YA FI SAMU?

Na ɗaya, bakwaini mai taurin huhu, musamman wanda ke kan injin numfashi, domin injin da ƙarfi yake tura iska. Na biyu, jaririn da ya sha wuyar doguwar naƙuda har ya yi kashinsa na farko, mai kauri kore-kore, a cikin ruwan faya, ya shaƙe shi. Wannan kashi yakan toshe ƙananan rassa, iska ta shiga ta kasa fita. Na uku, jaririn da aka hura wa iska da ƙarfin da ya wuce ƙima lokacin farfaɗo da shi. Akan samu wanda abin ya faru gare shi ba tare da ɗaya daga waɗannan ba, amma ba safai ba.

Na san za ka ce, "To Malam, ashe injin ne ya jawo?" Tambaya mai kyau. Gaskiya ne injin yana cikin sababi, likitoci ma ba su ɓoye wannan ba. Amma ka tambayi kanka, wane jariri ake sa wa injin? Wanda in an bar shi ba zai kai safiya ba. Mai kwale-kwale da ya tsamo wanda ya nutse a Kwara, in ya gurɗe masa hannu wajen jawowa, ba a ce shi ya cuce shi. Kuma an yi ta gyara aikin. A 1971 aka fito da hanyar tallafa wa numfashi da iska mai taushi ba tare da injin ya karɓe numfashin duka ba, yau ana yin ta da 'yan robobi a hanci. A 1980 wani likitan Japan, Tetsuro Fujiwara, ya nuna ana iya zuba maiƙon nan cikin huhun bakwaini su samu sauƙi. Waɗannan abubuwa sun rage fashewar huhu ƙwarai, ko da yake maganin yana da tsada.

YADDA AKE GANEWA DA YADDA AKE MAGANI

In hali ya ba da lokaci, akan ɗauki hoton ƙirji. Iska baƙa take fitowa a hoto. Sai a ga baƙin zobe ya kewaye zuciya har ta ƙarƙashinta, kamar zoben nan da kan kewaye wata a wasu darare. In iskar kaɗan ce kuma jariri bai jigata ba, akan sa masa ido kawai, jiki ya shanye ta. In kuwa ta matse zuciya, ba a jiran hoto. Likita zai sa siririyar allura ta ƙarƙashin ƙahon zuci, ya nufi jakar, ya zuƙe iskar da sirinji. Sau da yawa nan take bugun zuciya yake dawowa. Da yake iskar takan sake taruwa, wani lokaci akan bar ɗan siririn tiyo a wurin na wasu kwanaki.

Ba zan ɓoye maka ba, ko an yi wannan aiki da yawa daga cikin jariran ba sa tashi, domin asalin ciwon yana huhu, kuma su ne mafi rauni a ɗakin. Amma wanda zuciyarsa ta matse aka bar shi, a al'adance ba ya ɗaukar lokaci. Ɗan maƙwabcina allurar ta ƙara masa kwana uku cikin ikon Allah. Wani kuma takan zama sanadin rayuwarsa duka. Don haka in likita ya ce a sa hannu, ba lokacin kiran taron dangi ba ne.

ABIN DA KE HANNUNMU A NAN BAGUDO

Injin numfashi da likitan jarirai ba a ƙauye suke ba. Daga nan sai Birnin Kebbi, inda akwai Asibitin Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mutanen Lolo da Illo wasu sukan ga Malanbil ta Jamhuriyar Benin ta fi musu kusa. Na Tsamiya sukan leƙa Segbana, daga can a tura su Kandi ko Faraku. Kowace ka ɗauka tafiya ce, wanda ke ƙetaren Kwara wajen Ka'oje kuma sai ya haɗa da Gadar Tuga ko jirgin ruwa. Ba mu manta ambaliyar 2020 ba, yadda ta cinye shinkafa ta yanke hanyoyi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Nijeriya jarirai 39 cikin kowane 1,000 suna rasuwa kafin su cika wata ɗaya, kuma Jihar Kebbi ce ta fi kowace yawan mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, 252 cikin 1,000. Tunda nisa ya yi mana yawa, rabonmu yana wurin rigakafi. Ga abubuwa biyar.

Na farko, awon ciki. A nan ake sanin watannin ciki, a gano hawan jini da tagwaye, a yi maganin zazzaɓin cizon sauro da ciwon sanyi, waɗanda duk suna jawo haihuwa kafin lokaci. Maigida, kuɗin kabu-kabu zuwa awo ya fi kuɗin mota zuwa Sakkwato sauƙi.

Na biyu, in naƙuda ta taso ko faya ta fashe kafin wata tara, a tafi da uwar tun yaron yana ciki. Babu kwalbar da ta kai cikin uwa. Akwai allurar da ake yi wa mai ciki tsakanin mako 24 da 34 wadda ke gaggauta ƙosawar huhun yaro. Likitoci biyu a ƙasar Niyu Zilan, Liggins da Howie, su suka tabbatar da amfaninta a 1972. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon gwaji a kan mata 2,852 a asibitoci 29 na ƙasashe biyar, har da Nijeriya, aka ga mutuwar jarirai ta ragu. Amma a kula, a asibitin da ke iya tabbatar da watannin ciki kuma yake iya kula da bakwaini ake yin ta. Ba allurar kemis ba ce, in an yi ta ba bisa ƙa'ida ba tana cutarwa.

Na uku, wannan na ungozomomi ne da iyayenmu mata. In jariri ya faɗo bai yi kuka ba, a goge shi da busasshen zane, a murza bayansa. Kada a riƙe shi ta ƙafa a zazzage, kada a watsa masa ruwan sanyi. In har bai numfasa ba cikin minti na farko, dole a ba shi numfashi, kuma mafi kyau ma'aikacin da aka koya wa aiki da 'yar jakar roba ya yi. In babu, mai hurawa ta rufe bakinsa da hancinsa da bakinta, ta ba shi iskar da ke cikin kumatunta kawai, ba ta ƙirjinta ba, gwargwadon yadda za ta ga ƙirjinsa ya ɗan ɗaga. Ki tuna cokali da ledar ruwa. Tanbihi: kada tsoron fasa huhu ya hana ki hurawa. Rashin numfashi ya fi kashe jarirai nesa ba kusa ba. A hura, amma a hankali.

Na huɗu, ka san alamomin haɗari. Ka sa agogo ka ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur yana kwance shiru. In ya kai 60 ko ya wuce, ka sake ƙirgawa, in haka ne a tashi. Haka nan nishi a kowane numfashi, lotsawar ƙasan haƙarƙari, buɗewar ƙofofin hanci, ƙin kama nono, sakin jiki, sanyi ko zafi. Mu baƙar fata shuɗi ba ya nunawa sosai a jikinmu, sai ka duba harshe da dasashi da cikin leɓe.

Na biyar, hanya. A kwantar da jariri a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a ɗaure su da zane, fuskarsa a buɗe. In uwar ba ta iyawa, uba ko kaka su yi. A tsaya asibiti mafi kusa, na Bagudo ko Illo ko Ka'oje, a karɓi takardar turawa da taimakon farko. Kada a ɗura wa mai wahalar numfashi ruwan rubutu ko jiƙo, zai shaƙe. Kada a turara shi, hayaƙi ƙarin nauyi ne ga huhun da ya riga ya gaji. Wanzami ma ya dakata, ba beli ne ya hana shi numfashi ba.

KAMMALAWA

Bayan kwana arba'in na je gaida Inna, kakar yaron. Na ce mata, "Inna, iskar da likita ya faɗa irin wadda mahauci ke hura wa rago ce." Na kwatanta mata jakar zuciya da zuga-zugi kamar yadda na yi maka. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai Malam da hakanan ya hwaɗi da na gane." Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Ma'aikatan lafiya ma ina roƙonsu, in za su yi wa mutanenmu bayani su ce iskar numfashi ce ta ɓalle daga huhu, kada su tsaya ga kalmar iska kawai.

Addu'a ba ta hana allura, allura ba ta hana addu'a. Addininmu ya umarce mu da neman magani, kuma tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Ana iya yi wa jariri addu'a yana cikin kwalba, ba sai an cire shi ba. Aikin da na ba ɗalibai a wannan wata shi ne, kowa ya karanta wa mahaifiyarsa ko ungozomar unguwarsu wannan bayani, ya kuma koya mata ƙirga numfashin jariri da agogo. Wanda ya yi ya zo ya gaya mini.

Allah Ya jiƙan yaran da suka riga mu, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a.